TSARABAR JAMUS DA ABIN DA TA KOYA MINI

 Kowa ya sani al'adarmu ce idan mutum ya dawo daga tafiya ya riƙo tsaraba, ko da rake ne ko ƙuli-ƙuli. Ba a duban girman abin, muradi dai a san matafiyi bai manta da na gida ba.

A hutun da ya wuce, yayana wanda ke karatun haƙar ma'adinai a garin Freiberg na ƙasar Jamus ya zo ganin gida. Da aka buɗe akwatinsa aka raba kaya, ni rabona wani ɗan sojan katako ne, tsawonsa kamar taƙi ɗaya da rabi, da jar riga da baƙar hula da farin gemu, haƙoransa duk a waje kamar wanda aka ɓata wa rai. Gaskiya ban ji daɗi ba, domin agogon hannu na sa rai da shi. Na ce masa, "Haba Yaya, duk kayan Jamus ba ka ga abin kawo mini ba sai 'yartsana?" Ya yi dariya, ya ce in zauna in ji inda abin ya fito tukuna, sa'an nan in na ga dama in mayar masa da kayansa.

Na zauna na ji, ban kuwa mayar ba. Da muka komo makaranta na ƙara bincike tare da taimakon malaminmu na labarin ƙasa. Abin da na samo shi ne zan kawo muku a nan, watau irin kayan hannu da Jamusawa suka gada, da yadda ake sayensu a kantunan da iyali ke riƙe da su, da kuma yadda mai saye zai bambanta na ainihi da jabu.

GARIN DA KUZA TA ƘARE

A gabashin Jamus, a jihar Saksoni, kan iyakarta da ƙasar Cek, akwai wasu duwatsu da ake kira Erzgebirge, ma'anarsa Duwatsun Ma'adinai. Tun shekarar 1168 aka gano azurfa a wajen Freiberg, mutane suka yi ta ƙaura zuwa can don haƙa. A cikin waɗannan duwatsu akwai wani ɗan gari mai suna Seiffen, wanda mutanensa ba su wuce kamar dubu biyu ba. An fara ambatonsa a rubuce a 1324, sana'ar mutanensa kuwa a lokacin ita ce wankin kuza, irin wadda muka karanta ana yi a Jos.

To, ma'adini ba gona ba ne, abin da aka ɗiba ba ya sake tsirowa. Sannu a hankali kuzar ta yi ta raguwa, har a 1849 aka daina haƙarta a garin. Ƙasar wurin tudu ce mai sanyi, ba ta ba da amfanin gona mai yawa. Abu guda da suke da shi a yalwace shi ne daji. Tun kuzar ba ta gama ƙarewa ba mahaƙan suka fara juya katako da injin da ruwa ke turawa, suna yin akusa da maɓallai da mazari. Daga nan suka shiga yin kayan wasan yara, waɗanda 'yan sari ke kwasa su kai manyan kasuwanni kamar Nuremberg da Leipzig.

Kada mu ɗauka sun sami abin cikin sauƙi. Uba yana juya katako, uwa tana fenti, yara ƙanana suna manna gam har dare, ribar kuwa mafi yawa 'yan sari ke cinye ta. Amma mutanen ba su saki sana'ar ba. A 1852 aka buɗe makarantar koyon ta a garin, domin a gyara zane, a kuma inganta aiki. Har yau akwai makarantar koyon yin kayan wasa na katako a Seiffen, inda ɗan koyo ke shekara 3 kafin a ba shi takardar shaida.

Wata dabara da garin ya yi suna a kanta ta fito ne wajen shekarar 1800. Ana jiƙa guntun gungume, a ɗora shi a kan injin juyawa, gwani ya yi ta fiƙe shi har ya zama zobe kamar gammo. Wanda ya dubi zoben nan ba zai ga komai ba. Sai an sa wuƙa an tsaga shi, sa'an nan a ga ashe kowane yanki siffar doki ne, ko saniya, ko raƙumi. Daga zobe guda ana iya fitar da dabbobi har wajen 60. Abin mamaki shi ne, shi kansa gwanin ba ya ganin dabbar yayin da yake aikin, a zuci yake riƙe da siffarta, hannunsa ne kawai ke bi. In ya yi kuskure kaɗan, dawakin nan duka za su fito da ƙafa ɗaya gajeriya.

A CIKIN KANTIN

Yayana ya ce sayayyarsa ta farko asara ya yi. A wani teburi kusa da tashar jirgin ƙasa ta wani babban birni ya ga irin sojan nan da arha, ya saya yana murna. Bai yi mako biyu ba hannunsa ya ɓalle, fentin ya fara ɓarewa. Da ya juya ƙasansa sai ya ga ashe ba ma a Jamus aka yi shi ba. Masu iya magana sun ce arha ba ta ado. Wani abokin karatunsa, ɗan wannan yanki, shi ya ce masa in yana son na gaskiya ya bi shi Seiffen ranar Asabar.

Kantin da suka shiga, in ji shi, ɗakin gaban wani gida ne. Tsohuwar gidan ce ke zaune wajen karɓar kuɗi. Ta wata ƙofa a buɗe ana hangen ɗanta cikin shago yana juya katako, ƙurar itace duk ta rufe masa gashi. Matarsa da 'yarsa suna gefe a teburi suna zana idanu da gashin baki da ɗan siririn burushi. Gida ɗaya, tsara uku, sana'a ɗaya. Ga kayan da ya tarar a jere, da bayanin kowanne.

Na farko shi ne irin sojana, wanda aikinsa na asali fasa 'ya'yan itace ne masu taurin ɓawo. A bayansa akwai wani maɗauki. In an ɗaga shi baki ya buɗe, a sa ƙwallon a ciki, a danna, ya fashe. Wani masassaƙin Seiffen mai suna Wilhelm Füchtner ne ya fara yin su da yawa a wannan siffa wajen 1870, zuriyarsa kuma suna nan suna aikin a garin. In kun lura, siffar sarki ko soja ko ɗan sanda aka fi ba su. Dalili kuwa, in ji mutanen wurin, talakawa ne suka sami hanyar yi wa manya dariya ba tare da an kama su ba: wanda ya saba ba da umurni, yau ga shi an sa masa ƙwallo a baki ana ba shi aiki. Kafin a gama guda ɗaya na ainihi yakan bi hannu fiye da sau ɗari, daga yanka zuwa gogewa zuwa fenti. A zamanin yanzu ado ake yi da su, ba safai ake fasa wani abu da su ba.

Na biyu wani ɗan mutum ne riƙe da lofe, cikinsa rami. Ana cire rabinsa na sama, a kunna ɗan dunƙulen turare a ciki, a mayar a rufe, hayaƙi ya riƙa fita ta bakinsa. Shi wannan siffar talakawa ake ba shi, kamar mahaƙi ko makiyayi ko ɗan koli. Shi Yaya ya kawo wa Inna, ita kuwa da ma mai son turaren wuta ce.

Na uku wani baka ne da ake jera kyandir a kansa a ajiye a taga. Mafi tsufa da aka sani an yi shi da ƙarfe a 1740 a garin Johanngeorgenstadt. Tushensa ƙishin haske ne. Da hunturu rana gajeriya ce ƙwarai a can, mahaƙi yakan shiga rami gari bai waye ba, ya fito duhu ya riga ya yi, sai ya yi kwanaki bai ga rana ba. Haske a tagar gidansa shi ne marabarsa.

Na huɗu wata hasumiya ce mai hawa-hawa da fanka a samanta da kyandirori kewaye da gindinta. Ba ta da batir, ba ta da waya. In an kunna kyandir, iska mai zafi ta tashi sama ta bugi fukafukan fankar, sai duk hasumiyar ta riƙa juyawa da 'yan mutane da dabbobin da ke kanta. 'Yan ajinmu za su tuna darasin kimiyya da aka koya mana cewa iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi. Ga shi mahaƙan kuza sun mai da shi abin sayarwa.

Yawancin waɗannan kaya na bikin Kirsimeti ne, lokacin da Jamusawa ke ƙawata gidajensu. Saboda haka kasuwarsu ta fi ci a watan Disamba, musamman a kasuwannin bikin irin ta birnin Dresden, wadda aka fara ci tun 1434.

Wannan sana'a ta ga sauyin zamani iri-iri. Daga 1949 zuwa 1990 yankin yana cikin Jamus ta Gabas, inda a 1972 gwamnati ta karɓe masana'antu masu zaman kansu da yawa, kayan masu kyau kuma waje ake kai su don samun kuɗin ƙetare. Bayan haɗewar Jamus a 1990 gidaje da dama suka koma riƙe abinsu. A 2019 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin haƙar ma'adinan cikin wuraren tarihi na duniya.

AGOGO MAI TSUNTSU

Ba Seiffen kaɗai ke da irin wannan labari ba. A kudu maso yammacin Jamus akwai wani daji da ake kira Schwarzwald, watau Baƙin Daji. Manoman can, da yake ƙanƙara kan hana su fita gona wata da watanni, sai suka koyi ƙera agogon bango da katako. Wajen tsakiyar ƙarni na 18 suka fara sa masa ɗan tsuntsu wanda ke leƙowa ta wata 'yar ƙofa ya yi kuka "ku-ku" daidai da yawan ƙarfen da ya buga. 'Yan talla kan goya agogunan a baya su bi ƙasashe da ƙafa suna sayarwa. A 1850 aka buɗe makarantar ƙera agogo a garin Furtwangen, a wannan lokaci ne kuma wani mai zanen gine-gine, Friedrich Eisenlohr, ya zana agogon a siffar ɗan gidan mai gadin hanyar jirgin ƙasa. Wannan siffa ita ce ta bazu a duniya.

Kukan tsuntsun ba sihiri ba ne. A cikin agogon akwai zugazugi biyu ƙanana, kamar na maƙera, kowane da usur a bakinsa, ɗaya mai siririyar murya ɗaya mai kauri. Ƙarafa masu nauyi da ke rataye a sarƙa su ke jan komai: ɗaya na tafiyar da lokaci, ɗaya na tsuntsu, in akwai na uku to na kiɗa ne. Wani agogon kullum ake jan sarƙarsa, wani kuwa sai ya kwana 8. Yaya bai sayo wannan ba, ya ce aljihun ɗalibi bai kai ba.

Wani lokaci kuma kantin iyali kan girma ya zama babban kamfani. Wani mutum, Wilhelm Wohlfahrt, da matarsa Käthe sun fito daga Saksoni da wani ɗan akwatin katako mai kiɗa. Wasu abokansu Amurkawa suka gani suka yaba, ya tafi neman irinsa don ya ba su kyauta, ɗan sari ya ce ba ya sayar da ƙasa da guda 10. Ya saye duka, ya ba da ɗaya, ya sayar da sauran. Mafarin kantinsu ke nan a 1964. A 1977 suka koma tsohon garin Rothenburg, inda kantin ya shahara da sayar da kayan Kirsimeti duk shekara, da sunan matar a bisa ƙofa.

ABIN DA MAI SAYE ZAI KULA DA SHI

Wata rana wani daga cikinmu zai je can, ko karatu ko aiki ko fatauci. Ga abubuwan da ya kamata ya riƙe.

Da farko ya juya ƙasan kayan ya duba. Masu aikin ainihi sukan buga sunan gidansu. Ƙungiyar masu sana'ar katako ta Erzgebirge, wadda aka kafa a 1990, tana da tambari mai hoton mutum a kan dokin katako na yara. Agogon Baƙin Daji na gaske kuma, wanda ba na batir ba, yakan zo da takardar shaida daga ƙungiyar maƙeran yankin.

Na biyu ya yi amfani da idonsa da hannunsa. Aikin hannu yana da santsi a mahaɗa, gam ba ya tsiyayowa, fenti ba ya haurawa inda bai kamata ba. Amma in ka jera guda biyu za ka ga fuskokinsu sun ɗan bambanta, domin mutum ne ya zana su. In arhar ta yi yawa, ya yi shakka.

Na uku ya yi tambaya. A kantin iyali mai sayarwa ya san itacen da aka yi aiki da shi da wanda ya yi aikin, sau da yawa ma za a ce ka leƙa shago ka gani. In wani abu ya karye bayan shekaru, kana da inda za ka mayar a gyara.

Na huɗu ya san al'adar kasuwarsu. In ka shiga ƙaramin kanti ka gaisa da mai shi. Kuɗin da aka rubuta shi ne kuɗin, babu tayi babu albarka. Yaya ya ce da ya taya sojana ƙasa da abin da aka rubuta, tsohuwar kallonsa kawai ta yi tana murmushi har ya ji kunya. Kuɗinsu Yuro ne tun 2002, ƙananan kantuna kuma wasu sun fi son a biya su a hannu. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke, ko da yake a wasu garuruwan baƙi ana ba da izni a buɗe.

Na biyar batun haraji. A cikin kuɗin irin waɗannan kaya akwai harajin saye na kashi 19 cikin ɗari. Baƙon da ke zaune a wajen Tarayyar Turai yana iya neman a mayar masa da shi in sayayyarsa ta wuce Yuro 50, muddin ya karɓi takarda a kantin, 'yan kwastan suka buga mata hatimi, ya kuma fita da kayan cikin wata 3. Ɗalibi mai takardar zama irin yayana ba ya cikin wannan rangwame.

Na ƙarshe ya tuna da wanda zai kai wa. Kakarmu ba ta ajiye mutum-mutumi a ɗakinta, saboda haka ita ɗan akwatin katako mai zanen furanni aka kawo mata, tana zuba goro a ciki.

TAMBAYAR TSOHUWA

Yanzu zan zo ga abin da ya hana ni mayar da sojan. Yayin da tsohuwar ke naɗe kayan a takarda, ta ga yadda Yaya ke shafa katakon, sai ta tambaye shi ko akwai mai aikin itace a gidansu. Ya ce kakansa masassaƙi ne, yana yin turmi da taɓarya da akushi da allo. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce to wa ke koyo a wurinsa? Yaya ya ce nan ya rasa amsa.

Ni ma da na ji na rasa ta. Mu jikokin Kaka mun fi ashirin, babu ko ɗaya da ya iya riƙe gizago. Ba zan ɓoye muku ba, tun da na shigo wannan makaranta, in aka tambaye ni sana'ar gidanmu noma nake cewa, don kada a yi mini dariya. Ga shi yayana ya ƙetare teku ya biya kuɗi masu yawa ya sayo aikin jikan wani masassaƙin.

Malaminmu ya nuna mini wani abu kuma. A 1851, watau shekara guda kafin a buɗe makarantar nan ta Seiffen, wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, ya iso Kano. Abin da ya fi burge shi shi ne aikin hannun mutanenta, saƙa da rini da dukanci, da yadda ake kai tufafin Kano har Tumbuktu da Tarabulus. Ke nan a wancan lokaci mu ma muna da abin da Bajamushe zai tsaya ya yaba. Su mutanen Seiffen sun gina wa tasu sana'ar makaranta, sun ba ta takardar shaida da tambari, ɗan gida kuma ba ya jin kunyar ya gaji ubansa. Ba na cewa mu bar boko mu koma sassaƙa. Jikar tsohuwar nan ma ta yi makaranta, ita ce ke riƙe musu lissafi, ita ke amsa wasiƙun masu oda daga ƙasashen waje. Iliminta bai raba ta da shagon ubanta ba, ƙarfi ya ƙara masa.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu masu sana'ar hannu su riƙa jan mu a jiki lokacin hutu, ko da mun nuna ƙyuya. Ina kuma kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in za mu sayi tsaraba, a gida ko a waje, mu nemi wadda muka san hannun da ya yi ta. Ni dai na riga na aika wa Kaka cewa dogon hutu mai zuwa a wurinsa zan yi shi. Ya aiko da amsa cewa in zo, amma in sani allo zai fara ba ni, domin turmi ba na yaro ba ne. Sojan kuwa yana cikin akwatina a ɗakin kwananmu, duk mai son ganinsa ya same ni bayan cin abincin rana.